Wa Ya Yanka Tauren Kirsimeti?

SHAFI NA 14

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Kulu cikin tsaka mai wuya na tafi yawona, to ga ni na dawo. Amma kada wanda ya ce in sassauta, ni ma ba da son raina abin ya zo a haka ba.

*

Kulu na durƙushe a gindin murhu tana kankare ƙanzon shinkafar jiya ta ji sallama. Tun kafin ta ɗago ta san ba lafiya ba. Maƙwabciyarta Safara'u ba ta yi mata sallama irin wannan. Matar da ke faɗowa gidan tana cewa "Ina masu gidan suka shige?" ita ce yau ta coge a bakin zaure kamar baƙuwa.

A ƙauyen Ɗorawar Kwari, can ta wajen Makoda, gida uku ne kawai na Kirista, kuma na Mika'ilu mijin Kulu shi ne babba, don shi ne dattijon cocinsu. Tun zamanin iyaye al'adar guda ce: ranar Kirsimeti Malam Muntaka, mijin Safara'u, shi ke zuwa ya yanka musu dabba, don maƙwabta Musulmi su ci ba tare da ɗar ba. Ranar layya kuma Mika'ilu ke feɗe ragon Malam. Bana Malam na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya wakilta ƙaninsa Usaini. Jiya aka dafa, aka rarraba gida-gida. Abin da ya faru kafin a ɗora tukunya kuwa, daga Kulu sai autanta Ishaya suka sani.

"Shigo mana, Yaya. Yau kuma ni ake wa sallamar baƙi?"

Safara'u ta shigo, mayafi har goshi, rufaffen kwano a hannu. Ko kallon turmin da ta saba zama a kai ba ta yi ba.

"Dattijo yana nan?"

"Ya tafi lambu duba albasa."

"Gara haka."

Ta ajiye kwanon a ƙasa ta buɗe. Soyayyen nama ne, ragowar na jiya.

"Kulu, tambaya ɗaya na zo da ita. Wa ya yanka tauren nan?"

Cokalin ya suɓuce daga hannun Kulu ya faɗa cikin tukunya. Ta yi 'yar dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

"Wace irin tambaya ce wannan da hantsi?"

"Irin wadda ake amsawa."

"Ai kin tambaye ni jiya."

"Na tambaye ki. Na leƙo ta katanga na ce, Usaini ya yanka? Kika ce ya yanka, Allah ya saka. To yau ina so in ƙara ji."

Kulu ta sunkuya ta ciro cokalin daga tukunya. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, ita ma ta sani, ba ta dai zaci nata zai ƙure kwana ɗaya tak ba.

"Usaini ya dawo daga Bagwai ɗazu," in ji Safara'u. "Na zuba masa naman nan na ce ga ladan wuƙarka. Ya ce wace wuƙa? Ya ce da ya zo jiya bayan sallar asuba, a ƙofar gida Ishaya ya tare shi ya ce an riga an yanka. Shi ya ɗauka mahauci kuka kira daga Makoda, ya hau babur ɗinsa ya wuce ta'aziyya. Mahauci kuka kira, Kulu?"

Hanyar tsira ce aka miƙo mata a tafin hannu. Da ta ce e, da wataƙila an ƙara kwana biyu. Amma ta dubi idon matar da ta riƙe mata gwiwa a duk haihuwarta, sai bakinta ya ƙi.

"A'a."

"To wa?"

"Auta ne."

Safara'u ta runtse ido. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta tafa hannu ba. Leɓenta kawai ke motsi, kuma wannan ya fi yi wa Kulu ciwo fiye da a ce zaginta aka yi.

"Yaya, ki saurare ni. Ban sa shi ba. Dattijo ya fita tun da duhu don jera kujeru a coci. Ni kuma na fito zan hura wuta, sai na tarar da tauren a kwance, jini na malala, yaron nan na tsaye da wuƙa. Aikin gama ya gama."

"Sai kika dafa."

"Ya zan yi? In ƙi aikawa, a ce gidan Mika'ilu sun yanke zumunci. In faɗa, a ce ɗana ya kori Usaini daga ƙofar gida. In gaya wa Dattijo, ya tsine wa yaro ranar haihuwar Mai Ceto. Na rasa inda zan sa kaina, na ce bari in rufa, shekara ɗaya ce, baɗi a gyara."

"Kika rufa da cikina."

"Yaya..."

"Da cikin Malam da ke kwance. Da hannuna na ba shi romon nan a baki, yana sha yana sa wa Dattijo albarka."

Labulen ɗakin da ke gefen rumbu ya ɗaga. Ishaya ya fito da singileti, waya a hannu. Saurayi ne dogo, yana aikin walda a Rijiyar Zaki cikin Kano, hutun biki ya kawo shi gida. Daga yadda ya haɗe rai ka san ya gama jin komai.

"Inna Safara'u, ina kwana. Ki bar Mama, ni na yanka."

"Na ji."

"Kuma ban ga laifin da na yi ba."

"Auta!" Kulu ta daka masa tsawa. "Koma ɗaki!"

"Ba inda za ni, Mama. Tauren wa? Namu. Bikin wa? Namu. Amma sai mun tsaya mun jira wani ya zo ya halatta mana shi, sai ka ce hannunmu najasa ne? Da sunan Allah na yanka, ba da sunan gunki ba."

"Ba wanda ya ce hannunka najasa ne, Ishaya," in ji Safara'u a hankali.

"Ba a faɗa da baki. Ki zo Kano ki gani. Na je neman ɗaki, mun gama magana da mai gida, yana ta yaba hankalina. Da ya ji inda nake zuwa ran Lahadi sai ya ce an riga an kama ɗakin. Mai shayin bakin shagonmu kofi daban ya ware min, a ƙarƙashin tebur yake ajiye shi. In na je cocin birni kuma su ce wai dama akwai Bahaushe Kirista? Can ba ni da wuri, nan ba ni da wuri. In dawo gidan ubana ma a ce wuƙata ba ta ci?"

Jama'a, ni dai a nan na rasa ta cewa. Yaron bai yi ƙarya ba ko a kalma ɗaya. Matsalar kawai, wanda ya mare shi daban, wanda ya rama a kansa daban.

Kulu ta miƙe, hawaye na bin fuskarta.

"Sau nawa ubanka ya faɗa maka? Ba tsoro ne ya sa muke miƙa musu wuƙa ba, ƙauna ce. Ya ce wanda muke bi ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, mu ba za mu ji kunyar miƙa wuƙa ba. An ce mu ƙaunaci maƙwabci, ba a ce sai maƙwabcin da ke zuwa cocinmu ba."

"To ke me ya sa kika yi masa ƙarya, in ƙaunar ce?"

Maganar ta daki Kulu a ƙirji. Jiya-jiyan nan ta tsaya gaban matan zumunta a coci tana yi musu gargaɗi a kan zaman gaskiya da maƙwabta, alhali hannunta na ƙanshin naman.

Ishaya ya juya ga Safara'u.

"Kuma ni na ji da kunnena, akwai malamanku da suka ce yankanmu ya halatta gare ku. Ki tambayi Malam."

"Da na tambaye shi ai," in ji Safara'u. "Da uwarka ta ce min, Yaya, ga abin da ya faru, da na je na tambaye shi. In ya ce halal ne, in zo in zauna a kan turmin nan in ci a gabanka. In ya ce a'a, in ci shinkafa da miyar ganye, mu yi dariya. Ni ba malama ba ce, ban san wannan babin ba. Abin da na sani, ba a bar ni na zaɓa ba. An zaɓar min, aka sa min a baki."

"Nama ne fa kawai, Inna."

"Kul! Kada ka ƙara ce min nama ne kawai." Karo na farko ke nan da muryarta ta tashi. "Lokacin da uwarka ta kwanta ciwo bayan haihuwarka, wa ya shayar da kai? Nonona ka sha, kai da 'yata Aina'u, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ranar ban ce hannunka najasa ne ba, ban ce bakinka najasa ne ba. Ni ce mai shayin Kano? Ni na hana ka ɗaki?"

Ishaya ya sunkuyar da kai. Wayar da ke hannunsa ta yi ƙara, bai duba ba.

Kulu ta zube a gaban Safara'u ta kama bakin zaninta.

"Na yi laifi, Yaya. Ki yafe min don Allahn da ya yi mu. Ki bar maganar nan a tsakaninmu, ni zan je in durƙusa wa Malam da kaina. Sauran gidajen ba su sani ba, shekara da shekaru suna ci lafiya, kada shekara ɗaya ta ɓata..."

"Suna ci?"

Yadda ta faɗa ya sa Kulu ta ɗago.

Sai a lokacin Safara'u ta zauna a kan turmin.

"Na so in mutu da maganar nan a cikina. Kulu, rabon da a ci abincin Kirsimetinki a garin nan, ban da gidanmu, tun shekarar da aka yi rigimar birni, kowa ya koma jin wa'azi a waya."

"Ban gane ba."

"In jikokinki sun kai kwano, a karɓa, a yi godiya. Suna juya baya a ba yaro ya zagayo da shi ta bayan gari ya kawo min. Gidan Alhaji Zubair, gidan mai unguwa, gidan liman, duk. Wasu su ce yankan Malam ne dai, amma tukunyar fa? Wasu su ce bikin ne ba sa son taya murnarsa. Kafin azahar ɗakina ya cika da kwanukanki."

"A'a. A'a, Yaya. Kwanukana suna dawowa a wanke, har da tukwici. Daddawar gidan Alhaji Zubair fa? Kukar gidan liman?"

"Daddawata ce. Kukata ce. Gyaɗar ma daga rumbun Malam nake ɗiba. Abincin mu ci wanda za mu iya, sauran in ba Fulani masu tallan nono. In wanke kwanukan in raba musu tukwici, in aiko miki ɗaya bayan ɗaya, kada su zo tare ki gane."

Kulu ta zauna daɓas a ƙasa. Ta tuna yadda take tare matar Alhaji Zubair a bakin rijiya tana yaba daddawarta, matar tana murmushi tana cewa ba komai. Ashe duk garin sun sani, ita kaɗai ke rawa babu kiɗa.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ke kin gaya min gidan Yohanna, 'yan cocinku, ba sa cin naman layyarmu tun da baƙon fasto ya zo ya hana su? Kin zaci ban san ke kike karɓewa ki wanke kwanon ba?"

Kulu ta rufe fuska da tafukanta. Ita ma abin da take yi ke nan, shekara da shekaru. Mata biyu, kowacce na ɗinke ɓarakar nata ɓangaren a ɓoye.

Ishaya ya yi wata dariya mai ɗaci.

"To kin gani, Mama? Ashe dama ba ci suke yi ba. Duk wahalar banza ce. In haka ne ai ba wanda na cuta, tun da Fulani aka ba."

"Da ma haka ne," in ji Safara'u.

Ta juya ga Kulu.

"Da Malam ya ga jikinsa ya ƙi, sai ya kira ni. Da kyar maganar ke fita. Ya ce, Safara'u, ban san ko zan ga wata shekara ba. Ina so kafin in tafi in ji an ce garin nan ya ci abincin gidan Mika'ilu, kamar lokacin iyayenmu. In na mutu a haka, babu mai ɗaukar wuƙar nan bayana."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Sai na ɗauki ƙafa. Mako guda ina yawo gida-gida. Wata ta ce tukunya, na ce ni na wanke tukwanen da hannuna, kuma na wanke, ke shaida ce. Wata ta ce biki, na ce ba bikin za ki ci ba, haƙƙin maƙwabtaka za ki ci. Liman da kansa Malam ya aika aka kira, suka daɗe a ɗaki, ya fito ya ce babu laifi. Matar mai unguwa ta ce sai na tabbatar mata da yankan. Jiya, bayan na leƙo na tambaye ki, na je na ce mata wallahi tallahi Usaini ne ya yanka."

"Wayyo Allah na," in ji Kulu.

"Ban taɓa rantsuwa a kan abin da ban gani ba sai jiya. Na rantse ne a kan bakinki."

"Sun... sun ci?"

"Kwano ko ɗaya bai zo ɗakina ba. Sun ci, Kulu. Bana kowa ya ci."

Ishaya ya jingina da rumbu, ya zame a hankali har ya kai ƙasa. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa, yau ga shi ya ja wa uwa biyu.

Kulu ta rarrafa ta kama hannun Safara'u.

"To a rufe, Yaya. Ki roƙi Usaini ya yi shiru. Ni zan ɗauki zunubin, ni da Ubangijina."

"Wata ƙaryar kuma?" Safara'u ba ta fizge hannunta ba, amma ba ta riƙe na Kulu ba. "Ko na so ma, bakin alƙalami ya bushe. A zaure na kai wa Usaini naman, inda aka shimfiɗa wa Malam. Masu dubiyar Malam na zaune, Alhaji Zubair na ciki. A gabansu ya ce wace wuƙa."

"Malam fa? Me ya ce?"

"Ya juya fuskarsa bango. Da suka fita ya ce in yi sauri in zo in ji daga bakinki, ko akwai mahaucin. Har na fito yana cewa, akwai mahauci, Mika'ilu ba zai yi min haka ba."

"Dattijo bai sani ba! Na rantse da..."

"Kada ki rantse. Ta ishe mu haka."

Safara'u ta miƙe ta gyara mayafi. Ta dubi tsakar gidan, murhun, igiyar shanya, kamar mai son ta haddace su.

"Ban tsane ki ba, Kulu. Da zan iya da na huta. Amma daga yau in na ce wa matan garin nan ruwan randarki mai kyau ne, ba mai sha. Ni ce bakinku a wajensu, kuma bakin ya mutu."

"Yanzu ina mafita?"

"Ban ganta ba."

Ba ta kai ga zaure ba suka ji ƙararrawar keke, ana ta kaɗa ta ba ƙaƙƙautawa. Mika'ilu ya turo kai cikin gida, wando a naɗe, taɓon lambu har ƙauri. Tsoho ne mai furfura, amma yau fuskarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga. Murna ta hana shi ganin hawayen matarsa, ta hana shi ganin ɗansa a zube a gindin rumbu.

"Kulu! Kulu, tashi! A'a, Safara'u, kina nan ashe? To ki tsaya ki ga ikon Allah."

"Dattijo..."

"Tun jiya nake jin abin mamaki, duk wanda na gamu da shi sai ya ce an gode da nama. Yanzu ina shigowa gari na hango su sun nufo nan. Mai unguwa da kansa, da liman, da Alhaji Zubair, da mutane a bayansu! Rabon da su tako ƙofar gidan nan tun Baba na da rai. Ban ce miki ba? Ban ce miki addu'ar nan ba za ta faɗi ƙasa banza ba?"

"Dattijo, ka tsaya ka ji..."

"In na dawo! Ishaya, tashi ka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Zo in nuna ka gare su, su ga ɗana ya girma."

Daga waje wata murya mai kauri ta yi sallama. Babu fara'a a cikinta ko kaɗan.

Mika'ilu ya warware ƙafar wandonsa da sauri, ya gyara hula, ya amsa da iyakar ƙarfinsa:

"Maraba, maraba! Ga ni nan fitowa!"

Ya waiwayo yana dariya, idonsa cike da ƙwallar farin ciki.

"Kulu, akwai sauran naman nan ko? Ɗumama shi duka ki kawo wa baƙina."